Maharbin da Ya Haɗiye Tarinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku kasa kunne.

Ta zo mu ji ta, ta same mu a zaune.

A wani gari can bakin daji an yi wani maharbi, ana ce masa Tunau. Shi ba da kare yake farauta ba, ba kuma da tarko ba. Da burtu yake yi. Kun san yadda ake yinta? Mutum zai sassaƙa kan burtu da itace, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana saran ƙasa kamar tsuntsun ne ke kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Sai ya matsa, ya matsa, har ya kai inda kibiya za ta isa. To, mai wannan sana'a abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne tari, don burtu ba ya tari. Ko gyaran murya ka yi, dajin ya watse ke nan.

Tunau ya ƙware har maharba suka yi masa kirari: "Tunau ba ka tari, baƙin tsuntsu mai kwari da baka!" Sai kirarin ya shiga kansa ya zauna daram. Kafin ya shiga daji sai ya rufe kansa a bukka, ya hura ɗanyen itace, ya zauna cikin hayaƙi don ya kashe warin mutum a jikinsa. In ya fito sai ya cika lofe da taba. Sannan ya kawo jiƙon wata saiwa mai kwantar da tari ya shanye.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, wannan hayaƙin ko nama aka sa a ciki ai ya bushe."

Ya ce, "Ke dai ki ci naman, ki bar mini hayaƙin."

Ana nan, sai maharba suka yi taro a ƙofar Sarkin Baka. Aka zo zancen wani tsohon gwanki da ya gagari kowa. Sai Tunau ya miƙe ya bugi ƙirji, ya rantse ba zai ajiye burtunsa ba sai ya kawo ƙahon gwankin nan. Aka yi ta masa kirari, shi kuwa sai hura hanci yake yi.

To, ku bar Tunau a nan, ku biyo ni cikin ƙirjin da ya buga, don a can rabin labarin yake.

A cikin ƙirjinsa akwai wani gari, sunansa Huhu. Ku ma kowa yana da nasa, kada ku yi mini dariya. Unguwa biyu ce, dama da hagu. Hanya ɗaya ce ta shiga garin daga maƙogwaro, ta rabu biyu, ta yi ta rarrabuwa lungu-lungu, kowane lungu kuma ya ƙare a wasu 'yan ƙananan ɗakuna. Mutanen garin ba sa noma, ba sa kasuwa. Aikinsu ɗaya ne, saukar baƙuwa. Baƙuwar kuwa Iska ce. Takan shigo ta sauka a ɗakunan nan, ta bar tsarabarta, jini ya ɗauka ya rarraba wa dukan jiki, ita kuma ta fita ta sake dawowa. Ran da ta rasa masauki, garin da mai garin duk sun halaka.

Saboda haka ba a bar garin haka nan ba. An shimfiɗe hanyar da majina mai danƙo, duk ƙazantar da ta biyo Iska sai ta maƙale. Gefe da gefe kuma mata ne masu shara a jere, kowace da tsintsiyarta, suna tura sharar sama suna waƙa:

"Sama, sama, 'yan uwa sama,
Abin da ya shigo mu mai da shi sama."

In sharar ta taru a bakin ƙofa, akwai wani ƙaton tsoho mai gadi, Baba Tari. Shi ke karɓar iska cike da ƙirji ya watsar da ita waje gaba ɗaya. Can cikin ɗakunan kuma akwai wani mai ƙaton ciki, ana ce masa Haɗiyau. Duk abin da ya kuɓuce wa masu shara shi ke lamushe shi. Yana da ganga a rataye, amma ba ya buga ta sai abu ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma wani ɗan mitsitsin mugu, irin ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani, sunansa Santsi. Rigarsa yauƙi gare ta kamar miyar kuɓewa, ba a iya riƙe shi. Ya daɗe yana raɓe a zauren hanci, yana leƙen garin yana haɗiyar yawu. Duk sanda ya gwada gangarawa sai tsintsiya ta dawo da shi. Sai ya zauna yana jira.

Hayaƙin Tunau kuwa kullum sai ya bi hanyar nan ya babbake tsintsiyoyi, har suka zama guntaye. Ana cikin haka sai ruwan ƙarshen damina ya yi masa duka a daji, mura ta kama shi, ta kwantar da rabin masu shara. Santsi ya kasa kunne, ya ji waƙa ta yi ƙasa. Ya ce, "Yauwa."

Sai ya gangara. Ya ce, "Sannunku da aiki, iyayena. Ina tsintsiyoyin?"

Suka ce, "Hayaƙi ya cinye."

Ya ce, "Wayyo, Allah sarki! Ku zauna ku huta. Ni ɗan baƙo ne, ruwa kawai zan sha in fito."

Suka ce, "Ƙarya kake yi, mun san ka." Suka tattara ɗan ƙarfinsu, suka turo shi da ƙyar har bakin ƙofa, suka yi ta kiran Baba Tari.

Baba Tari kuwa jiƙo ya sa shi barci. Ya tashi yana layi, ya ɗaga murya ya ce wa Tunau, "Maigida, ba ni iska in jefar da wannan ɗan banzan!"

A daidai lokacin Tunau yana bakin tafki da burtu a goshi, tsohon gwanki yana shan ruwa a gabansa. Ya ji maƙogwaro yana masa ƙaiƙayi. Sai ya cije haƙora, idanunsa suka kawo ruwa, ya haɗiye tarin. Baba Tari ya koma ya zauna. Santsi ya sulale ta tsakanin ƙafafun masu shara, ya yi ƙasa abinsa.

Gwanki ya ɗago kai ya ce, "Burtu, me ya tsaya maka a wuya?"

Tunau ya ci gaba da saran ƙasa. Gwanki ya dube shi, ya juya ya shige kurmi.

Santsi ya isa ɗakunan ƙasa na unguwar dama. Ya tarar da ɗumi da laima, ya miƙe ƙafa. Sai ga Haɗiyau ya taho yana jan ciki, ya ce, "Kai wane ne?"

Ya ce, "Abincinka ne, in ka iya."

Haɗiyau ya kai masa cafka, ya zame. Ya sake kai masa, ya zame. Ya kai ta uku, sai ɗan guntun riga ya rage a hannunsa. Santsi ya yi dariya, ya tsage gida biyu, ya zama su biyu. Biyun suka zama huɗu. Kafin Haɗiyau ya juya, ɗakin ya cika da su, kowa da rigarsa mai yauƙi.

Sai Haɗiyau ya ba wani manzo guntun rigar, ya ce, "Ruga ka kai wa maƙera, su ƙera mana ƙugiyar da za ta kama irin wannan riga." Sannan ya sauko da ganga ya buga.

Gangar nan in ta yi ƙara abu biyu ke faruwa. Na farko, a hura wuta a dukan jiki don a takura wa abokin gaba, ita ce kuke ce wa zazzaɓi. Na biyu, fararen dakaru su taso. Su a kogin jini suke yawo, ba su da gida, ba su da iyali, kuma ba sa tsufa. Suka zo tuli, suka ɓula bangon ɗakuna suka shiga. Amma duk inda suka ɓula sai ruwa ya biyo su. Aka kaure. Kowane farin dakare in ya kashe abin da ya iya kashewa, sai shi ma ya faɗi a wurin. Gawa kan gawa, ga ruwa, ga jini. Abin da kuke gani ku ce mugunya, ku toshe hanci, to gawarwakin masu kare ku ne.

Manzo ya dawo ya ce, "Maƙera sun ce sai sun auna, sai sun gwada, ba su taɓa ganin irin rigar nan ba. Sun ce ku riƙe garin."

Haɗiyau ya ce, "Da me?"

A waje kuwa Tunau ya kwana biyu yana rawar ɗari, haƙarƙarinsa na dama kamar ana soka masa wuƙa. Lantana ta taɓa goshinsa ta janye hannu. Ta ce, "Maigida, wannan ba mura ba ce. Dubi yadda kake numfashi sama-sama. Mu haye kogi mu je wurin mai magani, an ce yana da maganin ciwon haƙarƙari."

Ya ce, "In haye kogi, a ce Tunau ya ajiye burtu? Miƙo mini jiƙona."

Ta ce, "To ko tarin ka yi mana, abin da ke ciki ya fito. Nan gida ne, ba gwanki."

Ya ce, "Wanda ya saba a gida, a daji ma zai yi."

Ya shanye jiƙo, ya ɗaura burtu, ya fita. Ita kuwa ta zauna ta yi kuka, don tsoro ya kama ta sosai.

Ya isa tafki, ga gwanki. Ya fara rarrafe. A ciki masu shara, da guntayen tsintsiyoyinsu, sun jawo gawarwaki da ruwa har bakin ƙofa don a sama wa Iska wuri. Suka girgiza Baba Tari, ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Maigida, ba ni iska! Yanzu ba baƙo ba ne, gawar 'ya'yanmu zan fitar!"

Tunau ya danne ƙirji da gwiwa, ya haɗiye. Abin da aka tara duk ya koma ƙasa.

Gwanki ya ce, "Burtu, wa ya koro ka kake haki haka?"

Tunau ya sake saran ƙasa. Gwanki ya girgiza kai, ya shige kurmi.

Iska ta shigo unguwar dama, ta ƙwanƙwasa wannan ɗaki, a cike. Ta ƙwanƙwasa wancan, a cike. Sai ta juya da tsarabarta ta nufi unguwar hagu. Santsi ya hango ta, ya ce wa 'ya'yansa, "Ku bi ta, can ma akwai ɗakuna."

Haɗiyau ya sake aika manzo. Maƙera suka ce, "Mun kusa." Ya sake buga ganga. Wasu fararen dakarun suka zo, suka sake ɓula bango, ruwa ya sake biyo su. Haɗiyau ya san kowane bugu ɗaya yana cinye masa ɗaki, amma in bai buga ba Santsi ne zai cinye garin. Yana buga ganga yana hawaye.

Kwanaki suka shuɗe. Tunau ya rame, leɓɓansa suka yi baƙi-baƙi, ko tuwo ba ya iya ci. Wata safiya Lantana ta tafi rijiya, ta dawo ta tarar babu shi, babu burtu, ƙwaryar jiƙo a kife.

Wannan karon ba rarrafen dabara yake yi ba, tsayuwar ce ba ya iyawa. Ya ja jiki har bakin tafki. Gwanki yana tsaye, bai ko motsa ba. Tunau ya matsa kusa, kusa, yadda bai taɓa kusantarsa ba. Ya zaro kibiya ya ɗora a baka.

A ciki Baba Tari ya yi kira na uku, muryarsa duk ta dushe: "Maigida, don girman Allah, ba ni iska!"

Sai gwanki ya ce, "Tunau."

Tunau ya daskare.

Gwanki ya ce, "Tun ranar farko na san kai ne. Na girma da burtu a dajin nan, ban taɓa jin wanda ƙirjinsa ke kuka kamar ana tafasa ruwa ba. Yaƙi ake yi a cikinka, ina jinsa daga nan. Ka yi tarinka. Na ba ka alkawari ba zan gudu ba. In ka gama ka harbe ni in kana so, ni na tsufa."

Tunau ya ce a ransa, "Dabara ce. So yake a ce ya sa Tunau tari." Sai ya cije leɓe har ya yi jini, ya haɗiye na uku. Ya ja tsirkiya. Tsirkiyar da yake ja da yatsa biyu, yau ta ƙi zuwa. Ya sake ja, kibiya ta suɓuce ta faɗi a gabansa. Shi ma ya kife a kanta, burtun ya karkace.

Gwanki ya tsaya a kansa ya ce, "Ni da kake nema ka kashe na fi ka tausayin kanka."

Sai ya bi hanyar gari, abin da bai taɓa yi ba. Ya tarar da Lantana a bayan gari tana ta kiran sunan mijinta. Ya ce, "Baiwar Allah, mijinki yana bakin tafki. Ki je da masu ɗauka, ba zai iya tafiya ba." Ya juya ya koma daji.

Aka ɗauko Tunau aka kawo gida. Lantana ta kwance burtun daga goshinsa, ta fasa ƙwaryar jiƙo da dutse, ta aiki ƙanenta ya haye kogi ya kira mai magani. Kogi kuwa ya cika, sai da aka nemo mai kwalekwale.

A cikin gari, sai ga maƙera sun iso da ƙugiyoyi, kaya-kaya. Suka watsa su. Kowace ƙugiya ta je ta maƙale a rigar ɗan Santsi ɗaya, ta ƙi fita. Rigar da ba ta riƙuwa yau ta sami mariƙi. Haɗiyau da sauran dakarun da suka rage suka shiga kamawa suna haɗiyewa, ɗaki bayan ɗaki, lungu bayan lungu. Daga ƙarshe aka ritsa Santsi kansa a wani saƙo, ƙugiya uku a wuyansa.

Haɗiyau ya ce, "Yau fa? Zame mana mu gani."

Santsi ya ce, "Kun kama ni, ban musa ba. Amma kafin ka haɗiye ni, ɗaga kai ka dubi ɗakunanka."

Haɗiyau ya haɗiye shi, sannan ya ɗaga kai. Unguwar dama a cike, har baki. Unguwar hagu saura 'yan ɗakuna can sama. Ko'ina ruwa ne da gawarwakin fararen dakaru.

Ya ce, "Ba komai, mun ci yaƙi. A kashe wuta, a fara kwasa. Ku tashi Baba Tari!"

Jiƙo ya saki Baba Tari, idonsa ya buɗe tar. Masu shara suka jawo kaya har bakin ƙofa. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Maigida, yanzu fa? Ba ni iska."

A kan tabarma Tunau ya buɗe ido, ya ga Lantana. Ta ce, "Yi, Maigida, yi. Ba kowa sai ni." A karon farko ya yarda. Ya buɗe baki ya ja, amma abin da ya shigo bai kai cikin cokali ba. Baba Tari ya karɓa ya yunƙura, ko ƙofar ba ta motsa ba.

Ya ce, "Ƙaro."

Iska ta leƙo, ta duba ɗakunan sama, ta ɗan zauna a tsaye-tsaye, ta fita. Aka jima ta sake leƙowa, a bakin ƙofa ta tsaya. Ta fita.

Suka jira ta. Haɗiyau ya ajiye ganga, maƙera suka ajiye ƙugiyoyi, masu shara suka jeru a hanya da guntayen tsintsiyoyinsu don ta tarar da wuri a share. Wata daga cikinsu ta fara waƙar nan a hankali, "Sama, sama," ba wadda ta amsa mata. Baba Tari yana tsaye a ƙofa, hannu a buɗe. Iska ba ta dawo ba.

Mai magani ya yi sallama a ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa, sai ya ji kukan Lantana. Ya shiga ya duba, ya ce, "Da ran da zazzaɓin ya fara aka zo, da maganin nan ya kama wa jikinsa faɗan kafin ƙirjin ya cika." Ya mai da jakarsa kafaɗa.

Bayan an kai Tunau makwancinsa, maharba suka zo gaisuwa, Sarkin Baka a gaba. Suka tsaya a tsakar gida, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya don ya girmama mamaci: "Tunau ba ka tari! Har ka koma ga Allah ba wanda ya ji tarinka!"

Sai Lantana ta fito daga ɗaki da kan burtun a hannu. Ta ajiye shi a gaban Sarkin Baka, ta ce, "Ga tsuntsunku, ranka ya daɗe, shi ne ba ya tari. Ni mutum na aura. Da kun bar shi ya yi, da yanzu yana nan."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita, ba wanda ya ɗauki burtun.

To, kun ji. A ƙirjin kowannenku akwai masu yi masa faɗa ba dare ba rana, ba su taɓa neman ko na gode ba. Kada ku ƙona musu tsintsiya da hayaƙi, kada ku ɗaure musu mai gadi don a ce ku jarumai ne. In kuwa zazzaɓi ya haɗu da ciwon haƙarƙari da numfashi sama-sama, to sun buga ganga ke nan, taimako suke nema. A tafi asibiti tun da sauran ɗakuna, kada a jira a ga ƙarshen faɗan. Ni abin da ke ba ni haushi da Tunau, ba rashin masu sonsa ne ya kashe shi ba. Matarsa ta roƙe shi, jikinsa ya roƙe shi, har naman da yake farauta ya roƙe shi.

Ƙurunƙus kan burtu, na ajiye ta a nan. Mai jin tari a cikinku ya yi abinsa, ba gwankin da zai gudu.